Ɗaya da Tara

Gamkalle, Yamai

Zuwa ga Baban Abdulaye,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma babbar motarku, kamyon, ta kai hatsin agaji Tawa lafiya. Mu nan kalau muke.

Ka tuna takardun jarrabawar 'ya'yanmu da suka zo daga Katsina, lokacin da yayarka ta ce da yunwar nan ɗaya kaɗai za ta iya ci gaba da riƙewa? Ka ga Abdulaye da tara, tara, takwas, ka ce saura kaɗan ya cika goma. Ka ga Balkisa da ɗaya, ɗaya, biyu, ka tura ta ƙauye daka wajen Inna. Har ragonmu na ƙarshe muka yanka wa yaron.

To, jiya mushen da ke koyar da Ingilishi a lakwal ɗin unguwarmu ya zo sayen ganyen salati a lambunmu, na nuna masa takardun ina fahariya. Mutumin nan ya kasa haɗa ido da ni. Ashe a can ba irin lissafinmu suke yi ba. Ɗaya ita ce ƙoli, "distinshin" suke ce mata. Tara kuwa "fel", faɗuwa ƙasa warwas.

Innalillahi. Yarinyar nan ta faɗa mana tana kuka, ka ce ƙarya ce, ni ma na ja bakina. Abdulaye kuwa ya sani sarai, ya zauna ya ci naman. Don Allah ka biya ka ɗauko ta.

Taka,
Salamatu

Baban Abdulaye,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar da ka ce ta hana ka kawo ta da kanka ta yi sauƙi, Balkisa ta iso da direban da ka haɗa ta da shi. Wallahi sai da ta yi magana na gane ta, duk ta zama ƙashi.

Katsina kuma babu hanya, soja sun rufe iyaka. Yayarka ta aiko cewa makarantar gaba ta jira Balkisa har ta gaji, ta ba wata gurbin. Abdulaye yana can yana zaman banza.

Na ba Balkisa haƙuri, ta ce ba komai. Tana ban ruwa a lambu, ba ta yi wa kowa musu. Amma ɗazu autanmu ya kawo mata littafinsa ta karanta masa, ta ce masa ita ba ta iya karatu ba. Ban san abin da zan yi ba, ka dawo.

Matarka,
Salamatu