Zabirar Badaru

Shagari,
9 ga Sha'aban.

Zuwa ga Yaya Zayyanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Inna tana nan kalau a Bodinga, sai ƙafar nan tata. Ni kuma na sauka lafiya, an samu ɗiya mace, Nana Fatima.

Maganar ƙanenmu Badaru ce ta sa na ɗauki biro. Wata huɗu ke nan da sallamo shi daga asibitin ƙwaƙwalwa. Yana barci, yana cin tuwo kamar mai ramuwa, maganinsa kuma ba ya fashi. Amma akwai laifin da zan faɗa maka da bakina. Ran da ya dawo, ni na ɗauke zabirarsa ta wanzanci na taho da ita Shagari, don ina tsoron ganin aska a hannunsa. Sai ya riƙa wuni a zaure, hannu bisa gwiwa, kamar baƙo a gidan ubansa.

Da muka koma ganin likita, ta tambaye shi abin da yake yi da rana, ya ce ba komai. Ta duba hannunsa, ta yi masa tambayoyi, sannan ta ce da ni zaman banza ba ya cikin maganin da ta rubuta. Na ji kunya ƙwarai, na mayar masa da kayansa. To, ya shimfiɗa tabarma a kasuwa, mako uku ba wanda ya zauna. Kowa sai ya yi masa barka daga nesa, ya ce bai daɗe da yin aski ba, alhali suma ta fito ta ƙarƙashin hula.

Da suna ya matso, maigidana Mustapha ya ce a kira wani wanzami. Na ce jinjirar tana da kawu. Yaya, ban ɓoye maka ba, da ƙyar na miƙa masa ita. Badaru ya yi bisimilla, ya jiƙa kan, ya aske shi tas ba ko ƙwarzane, yarinyar ma ba ta farka ba. Bai gama goge askar ba sai Kawu Sodangi, wanda ya fi kowa cewa a yi hattara, ya cire hula ya zauna gabansa, wai tunda jinjira ta riga shi ƙarfin hali. Mutum biyar suka bi bayansa. Ni dai ɗaki na shige na yi kukana.

Ka gai da Zulai da yara, da Malam Bashar maƙwabcinku. Inna da Badaru suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ummukulthum