Furar Dada Mai Zuma

Zuwa ga Hanifa, sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar gona, matata abokiyar sirrina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun kafinta ya fi sanin zarto da guduma. Amma zuciya ta ƙi kwanciya, ya zan yi da ita?

Tun da aka kai ki gidanku a garin Kwadon goyon ciki, ɗakinmu na unguwar Jekadafari ya zama kango! 'Yar tukunyar da nake tuƙa miki tuwon alkama tana kife. Zogalen da kika shanya ya bushe, na kasa kwashewa. In shiga, in fita, in sake shiga, kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai. Kin tuna ranar da likita ta ce ciwon suga ne? Muka tsaya gindin darbejiyar bakin asibiti, iska tana kaɗa gyalenki, ke mai ciwon kina ta rarrashina. Kin tuna farkon koyona tsira miki yatsa don gwaji, yadda hannun da ke dukan ƙusa ya kasa saita 'yar allura, ke kuma kina ƙyalƙyala dariya? Wallahi wannan dariyar ta fi mini kukan kurciya da hantsi.

Ya farin watana, ranar da na zo gaishe ku na ga abin da ya hana ni sukuni. Kin ce lafiya lau, amma leɓenki a bushe yake. Kafin mu gama gaisawa kin je randa, kin dawo, kin sake komawa. Ƙwaryar furar da Dada ta dama miki kuwa, kiyashi sun yi mata zobe, tawa da aka dama ba zaƙi ko kallonta ba su yi ba. A nan na gane har yau ba ki faɗa wa Dada mahaifiyarki ciwon ba.

Na san dalili, kuma ban ga laifinki ba. Ciwon nan ne ya cinye ƙafar Baffa mahaifinki kafin ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Dada ga hawan jini, kina tsoron ta ji sunan ciwon ta faɗi. Ita kuma baiwar Allah, ƙauna ce take zuba miki a ƙwarya, zuma da suga, don ki samu ƙarfin naƙuda. Ke sai ki shanye tas don kada ta tambaya. Haba Hanifa! Tausayin uwa zai sa ki sha abin da ke cin ki, ke da wanda ke cikinki? In Dada ta ji daga bakin likita a ɗakin haihuwa fa, wa zai tare ta a lokacin? Ni kuma wa zai tare ni?

Na yi haƙuri, kin san ni da haƙuri. Na jira ki faɗa, har Ego mai kemis ta Herwagana ta tambaye ni me ya sa na daina zuwa sayen tsinken gwajin suga. Haƙurin nan ya fara zama cuta.

Saboda haka ina roƙonki, ya furen zuciyata, ki zaunar da ita da lallami bayan ta sha maganinta, ki gaya mata. Ki ce mata an gano naki da wuri, ba kamar na Baffa ba. In kuwa bakinki ya yi nauyi, ranar Juma'a ina nan tafe. Ni da ban taɓa haɗa ido da Dada ba, ni da nake sauya hanya in na hango ta, zan tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa a ƙofar ɗakinta. In kunya ta hana ni ɗaga kai, zan gaya wa tabarma, Dada ta ji. A ce mijin Hanifa ba shi da kunya, na yarda, in dai da Hanifar za a ce.

Naki ni kaɗai, a lafiya da ciwo, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Bamanga