Buzun da ya Juya Baya

Wurno, hwarkon watan Rajab

Zuwa ga jikana Maccido, malamin gona a Rabah.

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina aiki, ina yarinyar nan da tac ƙwace mani kai? Mu nan lahiya lau, sai gwiwa, ita kau ba ta barina sai kabari. Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da nis samu ga allo ke nan.

Bayan haka, na ji Baturen gona da kaka yi ma aiki ya ara maka akwatin hoto, wai za ka da shi Goronyo bikin Zinariya. Da ta ni ta, ka bar abin nan Rabah. Amma taurin kan uwarka gare ka, don haka saurara.

Kawunka shina zuwa bikin. Uban amarya nika nuhi, ɗana na hwari, wanda bakina bai kiran sunanai. Kana ƙarami abin yah hwaru, kuma na san uwarka ta gyara maka labarin. Wata shekara wurin ƙirgar jangali, wani ɗan doka, Tambari, ya ja mai saniya mai ciki, kawunka ya sa mai sanda, ido guda yat tsiyaye. Alƙali ya ɗaure shi. Wurin aikin hanya yas sulale ya ƙetara ƙasar Faransa, can Madawa, Zinariya tana goye. Hukumar En'e ba ta mance ba. In anka kama shi, da tsohon ɗauri da na gudu za a haɗa mai, kuma shi ba yaro ba na yanzu. Tambari kau ka san shi, shi na mai ido gudan nan da ka zama gindin durumi bakin kasuwarku.

Cikin ayarin Buzaye masu gishiri za shi shigo, da baƙin rawani, huska ruhe. To, wurin ɗaurin aure kak ka buɗe akwatin nan. Kak ka jera maza ka ce su sauke amawali wada mai hoton Sakkwato ka yi ma mutane. Duk wanda kag gani da rawani, ko limami na, kau da abinka. Ga makaɗa, ga tukwanen tuwo, ga jeren tasoshi da ƙore, ɗauki su hal ka gaji, ba su da shari'a da kowa. In amarya kaka so, jira sahiyar da za a hito da ita a aza ta bisa raƙumi. Lokacin nan ubanta bai kusa, ɗiyatai ta hwari ta, kunya ba ta barin shi tsayawa.

Kuma ka hwaɗa mani, in an ɗauka, wa ka wankewa, wa ka gani? Abin da mutum yag gani da ido shina mutuwa da shi. Hoto kau an ce ko shekara nawa shina nan.

Ka gaida mutanen gida. Ka taho mani da man zahi.

Kakarka, Tani

Wurno, ƙarshen Rajab

Maccido,

Ina gajiyar biki? Ni dai jaki ya gama da ƙuguna. Takardarka ta iso hannun Mode mai albasa, man zahi bai iso ba.

Ka ce ka bi maganata duka, na kuwa gani da idona, ka bi. Ka ce an wanko hotuna daga Sakkwato sun yi kyau, Bature ya ji daɗi hal ya manna su ga bangon ohis, mutanen Rabah suna ta zuwa kallo. Sa'an nan ka ƙara, kana dariya, wai cikin hoton amarya bisa raƙumi, can gehe, kawunka ya hito, amma in kwantar da hankalina, bayanai kaɗai anka kama, ya juya shina duban katanga.

Wane irin karatu anka yi maku can makarantar gona? Sake duba hoton nan. Mata suna guɗa, maza sun miƙa wuya, yara bisa katanga, kowa idonai ga amarya. Baƙo ɗan kallo, wanda yaz zo saida gishiri, mi za ya sa shi ba amarya baya? Ko kuturu yaz zo wucewa sai ya tsaya ya duba. Mutum guda duk duniya ka juya ma Zinariya baya ranar da aka hita da ita, kuma duk wanda anka haihwa ƙasag ga ya san ko wa na. Da ya tsaya ya zura mata ido awa sauran, da ba wanda ya kula shi. Ni nac ce maka bai hitowa. Ya hito, kuma hali ya bi shi hal ƙohwar gida.

Bature bai gane komi, shi raƙumi shika kallo. Ba shi nika tsoro ba. Tambari ya san gidan da anka yi bikin, ya san ɗiyar wa ta. Ido guda ya ishe shi.

Kawunka bai tahi ba. Shina Giyawa, ayarinsu suna jiran gishiri ya ƙare, kuma zazzaɓi ya kada shi. Na aiki Mode ya ce mai ya bar gishiri, ya bar Buzaye, ko da rarrahe ya kama hanyar arewa.

Kai kau ka cire hoton nan yau. Ka ce ma Bature amarya ta aiko tana so, ko ka ce gara ta ci, ƙarya dai ba ta gagare ka ba tun kana satar mani ƙuli. Ka rubuto mani ko Tambari ya shigo ohis ɗin, kuma in ya shigo, gaban wane hoto yad daɗe.

Allah shi tsare.

Tani

Wurno, cikin Sha'aban

Maccido, jikana,

Ina kwananku? Ina ƙarhin jiki, an ce ba ka cin abinci. Ka ci. Yunwarka ba ta hid da kowa.

Amsarka ba ta riga Tambari isowa ba. Ranar kasuwa da hantsi yay yi sallama, da riga wankakka da goro cikin ganye. Ya durƙusa ya gaishe ni, Inna kaza Inna kaza, ya tambayi gwiwa, ya yi mani barka da arzikin jika. Na shimhiɗa mai tabarma na ba shi hura, ya sha sarai. Bai ambaci kawunka ba ko sau guda. Sai da yat tashi shina neman takalmi yac ce ya ga abin mamaki ohis ɗinku, wai ashe Buzayen yanzu sun koyi kunyar ɗan hwari irin tamu, Allah shi yi ma uwar da tay yi wanga renon albarka. Nac ce amin. Mi za ni cewa? Ya tambayi Mode ko hanyar Giyawa tana biyuwa ga doki. Goron shina nan, ban ci ba, ban zubar ba.

Mode ya riga ya kai saƙona, amma ya iske kawunka bai iya ko zama. Buzaye sun ce su aza shi bisa raƙumi, yac ce a bari jiki ya yi sauƙi. 'Yan doka sunka iske shi kwance cikin bukka. An ce bai yi gardama ba, ya dai roƙi a bar shi ya naɗa rawani. Sun wuce da shi Sakkwato ta nan Wurno, bisa jaki, hannu ɗaure. Maƙwabta sun ce in hito. Ban hito ba, ban taɓa tsayawa gabanai cikin mutane ba, ba ranar nan za ni hwarawa ba.

Kar a gaya ma Zinariya tukuna, a bari ta gama kwanakin ɗaki. Mijinta ya sani.

Ka ce ka cire hoton, za ka ƙone shi, ka maida ma Bature akwatinai. Akwati kam maida. Hoton kak ka ƙone, wanda za shi gani ya gani. Ka ba Mode shi kawo mani, ka naɗe shi cikin tsumma kar albasa ta ɓata shi. Kak ka damu wai huska ba ta hito ba. Tun shina tatata, in ya nuho ni sai in kau da kai, sai ya wuce nika dubawa. Ƙeyar nan da kahwaɗun nan, su nis sani.

Ka gaida maiɗakinka.

Kakarka, Tani