Kaset ɗin Baba yana cikin akwati

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aikin bariki, yaya Maman Rahila da yara? Ina fata ƙafar tata ta yi sauƙi. Mu nan Zuru lafiya lau, an fara yankan dawa.

Kaset ɗin marigayi Baba da ka ce in gyara in juye maka a faifai, ban taɓa shi ba tukuna. Kwamfutar shagona ce ta lalace, wani ɗan bautar ƙasa ya gyara ta, sai ya zuba mini sabuwar manhajar haɗa bidiyo. Wai kyauta ce, irin ta ƙwararru, kuma kowa a duniya yana iya buɗe cikinta ya sa hannu. Na ce masa, "Malam, a ƙasar nan ko mata sai mutum ya shekara bakwai yana golmo, noman neman aure, a gonar suruki. Wa ya yi wannan noman ya bar mini?" Dariya kawai ya yi.

Na gwada ta da bidiyon bikin wasu mutanen garin Bena. Ta yanka, ta haɗa, ko gardama babu, kuma wannan ladabin nata ne ya ƙara tsorata ni. Kaset ɗinmu ya tsufa, da ƙyar zai jure juyi ɗaya. In abin da ba shi da mai shi ya cinye muryar Baba, wa zan kama?

Don Allah ka tambayar mini masu kwamfuta na barikinku ko za a iya amincewa da manhajar nan. Ka gai da Kawu Audu, ku sa mu a addu'a. Kafin amsarka ta zo, Baba yana cikin akwatin Mama, makullin kuma yana wuyana.

Ƙaninka,
Ɗanladi