Ratsin Zanenki Ya Miƙe Tsaye

Gwange, Maiduguri
Ana saura kaɗan Ista

Zuwa ga Ketura, uwar Fibi, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan randar da ya kwana a gindin bishiyar maina, ƙanshin ƙasa a yayyafin farko, matar ƙuruciyata wadda tsufa ya kasa rage wa kome a idona,

Ina gaishe ki da gaisuwar gajiyayye. Ina fata kina lafiya a Jos, ke da Fibi da mijinta da jikan da kika tafi wankan jegonsa. An ce mini yanzu yana gudu, har yana kiran sunan karen maƙwabta. Lalle wannan jego ya yi tsawo! Ban taɓa jin jaririn da aka yi ta gasa wa cibiya har ya iya tambayar dalili ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. A waya muryata takan riga zuciyata fita, ita kuwa muryar kin san halinta, ta saba da tsawa a aji. Takarda ta fi ta haƙuri.

Bazara ta sauka a garin nan da dukan nauyinta. Kogin Ngadda da ya shigo mana ɗaki a shekarar ambaliya ya koma yashi, awaki na tsallaka shi ba su jiƙa kofato ba, kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Abin da bazarar bana ta zo da shi kuma, ban da zafi, shi ne ratsi. Duk macen da ta fito, ratsi-ratsi. 'Yan jami'a a cikin Keke, ma'aikatan banki, masu sayar da awara, har lafayar matan Barebari ta yi layi-layi. Zumuntar mata ta coci ma sun fitar da anko mai ratsi don Ista. In na zauna a ƙofar gida sai in ga kamar an kora garken jakunan dawa ta layinmu. Ban damu ba. Na daɗe da daina damuwa da abin da garin nan ya sa a jikinsa ko a kansa.

Sai ga hotonki.

Fibi ce ta turo mini, ta rubuta a ƙasa, “Baba, ka ga Mama ta koma yarinya!” Na sa tabarau. Wayyo, Ketura! Ga ki nan tsaye a gaban furanni, fuskarki ta ciko kamar wata a daren sha huɗu, wuyan nan naki na barewa bai rusuna wa shekaru ba, wushiryar da ta hana ni cin jarrabawa ɗaya a Zariya tana nan inda na bar ta. Na yi murmushi, ni da na manta yadda ake yi. Sannan idona ya sauka kan kayan jikinki. Baƙi da fari. Ratsin kuwa a tsaye, daga ƙugu har ƙasa.

Ashe na mutu ba a gaya mini ba?

Ba sai na tuna miki ba, amma zan tuna miki, domin ni tsohon malami ne, maimaita darasi shi kaɗai ya rage mini. A ƙauyenmu can bayan duwatsu, matar aure takan ɗaura saƙinta ratsin na kewaye ta, kamar yadda shinge ke kewaye gida. Ranar da mijinta ya mutu, da zanen aurenta ake rufe shi a kan hanyar kabari, ratsin na bin tsawonsa. In an dawo sai tsofaffi su miƙa mata, ta ɗaura shi a juye, ratsin ya zubo daga sama zuwa ƙasa kamar ruwan indararo. Ba ta buƙatar buɗe baki. Duk wanda ya hango ta daga rijiya ya san gwauruwa ce. Haka uwata ta ɗaura. Haka taki ta ɗaura, ke ce ma kika riƙe mata gefe ɗaya.

Kin tuna ranar da kika fara ɗaura naki? Uwata ta kaɗa audugarsa da hannunta damina biyu, aka kai wa masaƙi, aka rina shi baƙi da fari, da jan zare guda ɗaya a tsakiya. Kika gangaro ta hanyar dutse zuwa coci, rana na bayanki, ni kuwa ina tsaye cikin kwat mai zafi da na ara, ina ji da digirina. Tsofaffi suka yi ta leƙen ƙugunki, don sun ce in bakin ratsi ya haɗu da ɗan'uwansa a inda zane ya rufe, auren zai zauna. Naki bai haɗu ba, jan zaren ya zame da faɗin yatsa. Sai kika kama wurin da hannun hagu, kika haɗa shi da ƙarfi, kika riƙe. Da hannu ɗaya kika karɓi zobe, da hannu ɗaya kika ci abinci, da hannu ɗaya kika yi rawa. Da muka keɓe na ce miki camfi ne. Kika ce, “Na sani, Malam. Amma bari dai in riƙe.”

Shekara nawa kina riƙe da shi, ya kurciyata? Hannun ne ya gaji?

Na kai hoton wurin Ba'ana, maƙwabcinmu mai shagon yadi a Kasuwar Monde. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, “Malam Manasse, wallahi boko bai yi maka rana ba. Yayi ne! Ni da hannuna na yanka wa mata bandir-bandir. Ratsin tsaye yana rage ƙiba, yana ƙara tsawo, shi ke nan. In da kowace mai ratsin tsaye gwauruwa ce, ai da babu namiji ko ɗaya da ya rage a garin nan na Yerwa, sai ni da kai, mu ma don mutuwa ta raina mu.” Ya ƙara da cewa telan Jos bai san ƙauyenmu ba, ko a taswira.

Gaskiya ne, tela bai sani ba. Fibi ma ba ta sani ba, a birni aka haife ta. Amma ke kin sani. Kin tsaya gaban madubi, kin ga inda ratsin ya dosa, kin kuma bari an ɗauki hoton an turo mini. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ko kin manta, ko kin tuna. Ban san wanda ya fi ciwo ba.

Kuma maganarki ta tashar mota ba ta bar kunnena ba. Kina gyara jaka a cinya, ba ki ko dube ni ba, kika ce kin gaji da yi wa mutumin da ya riga ya binne kansa girki. Me zan ce? Na ba garin nan ƙuruciyata da maƙogwarona. Na koya wa yara sunayen koguna da duwatsun duniya, yau su ne ke wuce ni cikin motoci masu baƙin gilashi, suna watsa mini ƙasa a wando. Na ga an ƙone makarantar da na koyar, na binne ɗalibai da ya kamata su binne ni. Abin da wuta ta bari, ruwa ya zo ya kwashe: littattafan da na tara tun ina saurayi suka zama kunu a tsakar ɗaki. Wanda ya ga wannan, da wane baki zai yi waƙa da safe? Ban ce zama da ni daɗi ne da shi ba. Rijiyar da ta yi ɗaci ba ta san tana da ɗaci ba, mai sha ne ya sani.

Amma ban mutu ba, Ketura. Matacce ba ya jin ƙishi, ni kuwa ina jin ƙishinki kamar yadda gonar gero ke jin ƙishin hadari a ƙarshen bazara. Matacce ba ya dafa shayi kofi biyu bisa kuskure. Matacce ba ya juyawa in ya ji ƙarar silifa a zaure. Ke ce sanyin asuba a garin da ba ya da sanyi. Ke ce gishirin miyar da nake ta kushewa ina lashe kwano. Wa zan yi wa gunaguni yanzu? Ƙadangaren kan katanga? Shi ma gyaɗa kai kawai yake yi, bai taɓa ce mini “To, Malam, ka gama? Tuwo ya huce” ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ruwan ambaliya ya bar shaida a bangon gidanmu, layi ɗaya mai launin ƙasa daidai ƙirji, ya bi falo, ya shiga ɗakinki, ya zaga ta madafa, ya dawo ya haɗu da bakinsa a bayan ƙofa. Maƙwabta duk sun shafe nasu da fenti. Ba'ana ya yi mini tayin ragowar nasa har ya gaji. Na ce masa ba ni da ƙarfin aikin fenti. Ba haka ba ne. Ina kallon layin nan ne in ga gidan ya ɗaura ratsinsa a kewaye, irin na matar da mijinta ke da rai. Ko gini ya ƙi yarda na mutu. Kuma nasa ya haɗu, ba wanda ya riƙe masa.

Ga ƙunshi nan tare da wannan takarda, Naomi ta zumuntar mata za ta kawo miki, za ta biki Jos. Zanen aurenki ne. Na tsamo shi daga ƙasan akwati bayan ruwa ya janye, na wanke shi da kaina, ban iya ba. Baƙin ya zuba cikin farin, sun zama toka-toka kamar gashin kanmu. Jan zaren ne kawai bai ba da kai ba.

Roƙona ɗaya ne, ya hasken idona. Kada ki kira ni, kada ki ba Fibi saƙo, kada ki ce yayi ne. Ran Lahadin Ista ki ɗaura shi, ki sa a ɗauke ki hoto. In ratsin ya kewaye ki, zan sa kwat ɗin da ya rage mini in hau motar Jos, ni da na rantse ba zan ƙara bin hanyar Damaturu ba. Ba zan yi miki alkawarin zama sabon mutum ba, itacen ya riga ya bushe a karkace. Amma in bakin ratsin bai haɗu ba, wannan karon ki sauke hannunki ki huta. Ni zan riƙe.

In kuwa kika ɗaura shi a tsaye, na ji, ba kuma zan ƙara damunki ba. Sai dai kada ki maido mini shi da wuri. Ki ninke shi ki ajiye. Akwai ranar da za a neme shi a Gwange, ba na kuma so wani zane ya rufe ni in ba shi ba, ko wani hannu ya shimfiɗa shi in ba naki ba.

Ko a kewaye ko a tsaye, ni dai naki ne, tun daga hanyar dutsen nan har inda za a sauke ni.

Mijinki, wanda har yanzu yake numfashi,
Manasse