Guntun Tsinken Ashana

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna, ya maigidanki? Ni lafiya lau. Gadi nake yi a wata masana'anta, ɗakina ƙarami ne amma ya ishe ni. Barci ne dai sai a hankali.

Kin ce matar tela ta sake gaishe da "Kwamanda", tana sa mini albarka. Yaya, gaisuwar nan ta fi harsashi ciwo.

Kin san mu 'yan sa-kai ne, ni kuma makanike ne da unguwa ta tura gaba. In za a aika mutum leƙen hanya, tsinken ashana nake riƙewa, wanda ya zari guntu shi zai tafi. Ranar yaƙin gada, maigidanki ya kama guntun. Na danne tsinken da babban yatsa har ya saki, ya zari wani. Tela ne ke bayansa. Ya zari guntun, ya yi dariya, ya ce, "Kwamanda, riƙe mini hulata." Bai dawo ba.

Hular na cikin jakata. Zan aiko miki ki kai wa matarsa. Amma don Allah ki ce ta daina yi mini addu'a.

Ƙaninki.