Wanda Ya Girme Ni

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Na je rubuta suna a tallafin tsofaffi da ake ta shela a rediyo. Wai daga shekara saba'in zuwa sama, ranar talatin ga wata za a rufe. Tun hantsi nake layi, sai bayan azahar na kai gaban tebur. Yarinyar da ke rubuta suna ta duba katina na ɗan ƙasa, ta duba kwamfuta, ta ce, "Baba, shekarunka sittin da uku, ba ka kai ba."

Na ce, ɗago ki kalle ni. Ta ce ita ba fuska take kallo ba, kati take kallo.

Ɗaya ga Janairu 1962. Ranar da aka yi mini katin wani mai gilashi ya tambaye ni shekara, na ce shekarar da rana ta yi husufi. Ya yi dariya ya buga abin da ya ga dama. A 62 ina ɗaukar kwanon kuza a ka a barikin Bukur, har da gashin baki.

Laraba, 7 ga Mayu

Maganin hawan jini saura ƙwaya takwas. Ba zan sake tambayar mijin 'yata Rahma ba. Ɗakin soro ya ba ni, tuwo yana ba ni, bai taɓa ɓata fuska ba, kuma wannan ɗin ne ya fi ci mini rai. Shekara talatin da ɗaya a ramin kuza, kamfani ya naɗe kayansa ya tafi, ko sisin fansho babu. Aka bar mana kududdufai da tari. Yanzu gwamnati ta tuna da tsofaffi, sai aka mai da ni yaro.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na je wajen Madam Adaku, mai buga takardun rantsuwa a bakin kotu. Ta san ni sarai. Rabin Dutse Uku ni na rantse wa shekarunsu, don duk haihuwa da mutuwa da gobara ina rubutawa a littattafan nan tun da na yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci. Littafi goma sha tara. Tawa haihuwar ce kaɗai babu a ciki.

Ta ce, "Baba Ilu, ka san doka pas mi, ta fi ƙarfina. Sai wanda ya girme ka, kuma yana wurin lokacin da an haife ka. Kawo shi, minti goma mun gama."

Na ce duk suna maƙabarta.

Ta ce, "Duka duka?"

Na ce duka. Na karɓi sandata.

Asabar, 10 ga Mayu

Ba duka ba.

Talata, 13 ga Mayu

Mijin Rahma ya kawo shawara: akwai masu zama a gindin bishiyar kotu, ka ba su na goro su ɗora hannu a Alƙur'ani su ce su ne suka yi maka huɗuba. Kowa haka yake yi, in ji shi. Na ce ni ba kowa ba ne. Abin da ya sa in na rantse ake karɓa, ban taɓa rantsewa kan abin da ban gani ba. In sayi ƙarya don a tabbatar da gaskiya? Ya ce, "To Baba, Allah ya kyauta." Ya fita.

Rahma ta tsaya tana kwashe kwanuka. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Baba Badung yana nan da rai. Na haɗu da 'yarsa Angela a asibiti."

Na ce kada ta sake kiran sunan nan a ɗakina.

Bari in rubuta, ko da yake yana littafi na goma sha ɗaya. Badung ya girme ni da shekara shida. Bariki ɗaya, rami ɗaya, daga baya katanga ɗaya a Unguwar Rukuba. Rikicin Satumba 2001 muka fito da kayan jikinmu, ni da uwar Rahma da yara. Bayan wata uku ya aiko da takarda da kuɗi, wai ya sayi gidana. Kuɗin ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Muna kwana a ajin makaranta, na dangwala hannu. Bai zo da kansa ba. Aike ya yi. Uwar Rahma ta rasu tana tambayar ko bishiyar fiyar da ta dasa ta fara 'ya'ya.

Tafiyar minti ashirin ce daga nan. Shekara ashirin da huɗu ban taka ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Magani ya ƙare jiya. Kaina kamar ana daka. A masallaci liman ya yi huɗuba kan haƙuri. Shi albashi yake ɗauka.

Saura sati biyu a rufe.

Litinin, 19 ga Mayu

Na je. Takarda na je nema, ba zumunci ba, wannan a rubuta.

Na bi ta bayan makaranta, na tsallaka kwalbatin da tun rikici ya zama iyaka. Ba wanda ya ce mini komai. Wata mai gasa masara ma ta gaishe ni. Ban san me na zata ba.

An yi wa tsohon gidana shuɗin fenti. Fiyar ta wuce rufi, saiwarta ta tsaga katanga, an tokare da ƙarfe. Angela, 'yarsa ta biyu, ta buɗe ƙofa, ta tsaya baki buɗe, sannan ta durƙusa. Ta yi furfura ita ma. Ta ce, "Baba, sai dai ka yi haƙuri da shi. Ba ya gane mutane yanzu. Ni ma wani lokaci Sista yake ce mini."

Yana zaune a kujerar roba da hular sanyi, ya ƙanƙance kamar an wanke shi ya shige. Na shirya maganganu tun daga gida, na shekara ashirin da huɗu. Ya ɗago ya ce, "Ɗantala! Kun dawo?"

Ba wanda ya kira ni Ɗantala tun rasuwar innata.

Ya ce, "Ina mai ɗakin? Ka gaya mata ina ba itacen ruwa. Angela, ɗauko masa makullinsa, yana kan ƙusa."

Akwai makulli a kan ƙusa kuwa. Nawa ne, da igiyar fatar da na ɗaura masa.

A ƙofa Angela ta ce wai ranar da aka zo da fetur, ubanta ya rubuta sunansa da gawayi a bangon gidana, ya zauna a bakin ƙofa kwana uku. Wai daga baya aka ce in ba takardar saye za a ƙone, sai ya sayar da gonarsa ta dankali, abin da ta kawo ke nan ya aika. Wai kunya ce ta hana shi zuwa. Wai, wai. Kowa da irin labarin da ake ba shi a gidansu. Na juya na tafi. Makullin ma ban karɓa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Mun kai shi kotu a keke napep, ni da Angela. Duk hanya yana tambaya ko yau ranar awon kuza ce. Na ce a raina, aikin banza, za a kore mu.

Jami'in ya tambaye shi ranar yau, bai sani ba. Ya tambaye shi sunan unguwarsu, ya kalli Angela. Mutumin ya fara rufe biro. Sai ya nuna ni ya ce, "To Baba, ka san wannan?"

Badung ya ce, "Wannan mai kukan? Ranar da rana ta mutu aka haife shi. Da la'asar gari ya dushe, kaji suka shiga akurki, mata suna buga kwanoni. Uwata ce ta yanke masa cibi don ungozoma ta gudu ta ɓuya. Ni aka aika in kira ubansa a rami. Na faɗi a hanya." Ya ja wando ya nuna tabo a gwiwa.

Na san tabon nan shekara saba'in. Ban taɓa sanin nawa ba ne.

Madam Adaku ta duba waya, ta ce ashirin ga Mayu 1947, ranar Talata. Ta ce, "Oga, ka ji sunan da yana kiran shi? Ɗantala." Ta juyo, "Baba Ilu, shekaranjiya ka cika saba'in da takwas, ko minaral ba ka saya mana ba!"

Ya ɗora hannu a Baibul. Na riƙe masa gwiwar hannu. Don kada ya ɓata takardar.

Litinin, 26 ga Mayu

Na kai takardar. Yarinyar ta karanta har ƙarshe, ta ce ta yi kyau, amma ba nan ake kaiwa ba. Sai an gyara katin a wani ofishin, kwamfuta ta ɗauka, sannan. A can aka ce gyaran shekara ba ya kasa wata uku, kuma da kuɗinsa.

Na ce ranar Juma'a za a rufe. Aka ce in jira zagaye na biyu. Na ce yaushe? Aka ce na gaba ya matso.

Juma'a, 30 ga Mayu

An rufe. A rediyo wani yana cewa ba tsohon da aka bari a baya.

Mijin Rahma ya ajiye magani a kan tabarmata ya fita. Na sha.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Sallah. Takardar na liƙa ta a bangon littafi na ɗaya, gaban kowa.

Yau aka raba nama, Rahma ta kawo mini kasona. Haƙorana ba sa iya shi, kowa ya sani, sai na ce ta zuba a leda. Ba ta tambaya ba, sai ta ƙara hanta, wai ta fi laushi.

Na kai wa Badung. Bai gane ni ba yau sai da na yi tari. Ya ci hantar duka. Ya sake cewa a ɗauko makullin.

Katangar nan in ba a yi mata wani abu ba kafin ruwan Agusta za ta faɗi, kuma Angela ba ta san kan bishiya ba, sai ta sa a sare. Dole wani ya riƙa dubawa. Na ce mata zan leƙo ranar Talata.

Makullin yana aljihuna. Nauyi gare shi, ban tuna haka yake ba.